Mai Ido da Jikokin Wule

"Madam, in dai ɗiyarki ba ta so, ki bar mini ita in yanke bayan in maida ta bashe, motar kaya mai buɗaɗɗen baya. Injin nan sai ya kai ni kabari ya dawo ya kai wani."

Illo makaniki ke nan jiya da hantsi, kansa a cikin injin Mai Ido, yana yi mini magana ba tare da ya ɗago ba. Na ce ya ɗaure abin da zai ɗaure, maganar yanka kuma ya jira zuwa Asabar. Ya ce to, amma na ga yadda yake auna bayanta da ido, irin kallon da mahauci ke yi wa sa a kasuwar Agiye.

Kin ga har na yi nisa ban gaishe ki ba. Assalamu alaikum, Auta. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninmu yanzu, har ina jin ki kina faɗa da bakin jaka. Allah ya kai ki Gangara lafiya, ya tsare ki a kan hanya da inda hanya ta ƙare, ya sa ki shiga aikin nan da ƙafar dama. Na zaɓi takarda ne domin in na buɗe baki kina cewa "Inna, na ji" tun ban kai rabi ba, halin da na san inda kika gado shi.

Gobe Asabar za ki tafi kama aikin likitar dabbobi a ƙasar da na yi shekara ashirin ina bi. Na ce ki tafi da Mai Ido, kin ce gara ki hau taksi, don ba za ki sauka gaban ma'aikatanki daga motar da ta girme ki ba. Kin ce za ki jira har ki samu sabuwar fitowa, irin wadda kika gani a Maradi mai fitilu kamar idon mage. Ban yi gardama ba. Ta girme ki, da wata bakwai. Amma ita da sabuwar taki gida ɗaya suka fito, tambari ɗaya ne a goshinsu, kuma ke da kika karanci dabbobi kin san ba a sayen karsana sai an tambayi uwarta da kakarta. Bari in ba ki asalinsu. In kin gama karantawa, ko ki ɗauke ta ko ki ba Illo makulli.

Ta farko ita ce ta kakanki, wadda daga baya muka riƙa ce wa Tsohuwa. Lokacin yana direktan lakol, wato shugaban makaranta, a nan Tibiri ya saye ta hannun wani likita nasara da zai koma ƙasarsu. Doguwa ce mai tsayin ƙafa, giyarta a jikin sitiyari, kujerar gaba ɗaya ce tal kamar bencin masallaci. Babu rediyo, babu abin sanyi, gilashi sai ki murɗa da ƙarfin damtse. In ta hau birjin nan mai kunya-kunya kamar gonar dawa, haƙoranki ne ke yi miki kiɗa. Kakanki ya fi son ta da wasu 'yan uwansa, kuma ban ga laifinsa ba, na san 'yan uwan. Kujerunta jajaye ne, kullum a lulluɓe da farin gwado, ko limami ya shiga sai ya karkaɗe takalmi.

Ita ya ara mini a shekarar babban fari na farko, da na dawo daga jami'a a Dakar aka tura ni buron kiwo, wato ofishin kula da dabbobi na Agiye. Ina da shekara ashirin da huɗu, da takardar shaida, da gilashin ido, da amsar duk tambayar da ba a yi mini ba. Shanu na faɗuwa a bakin rijiyoyi, ungulu har sun ƙoshi sun daina tashi in mota ta zo. Aikin da aka ba mu shi ne mu sayi dabbobin da suka raunana a yanka a busar da naman a raba wa masu yunwa. Hikimar daidai ce a takarda, makiyayi ya rabu da marasa ƙarfi ya ceci masu ƙarfi. Ina yawo da gwangwanin shuni, wadda na ga ba za ta kai damina ba in shafa mata a gadon baya.

A wata rijiya kudu da Gangara na haɗu da Baffa Ja'e. Bafulatani ne dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada Hausar ta zube. Shanu bakwai suka rage masa. Cikinsu akwai wata karsana ja mai farin goshi, sunanta Wule, wadda sai an tallafe ta take tashi. Ban ko tambaya ba na shafa mata shuni. Ya sa gefen rigarsa ya goge.

"Wannan ba tawa ba ce, Madam. Haɓɓanaye ce."

Na ce masa ai shi ke nan ma, tunda ba tasa ba ce asarar ba a kansa take ba. Har yau ina tuna yadda ya dube ni, ba fushi a ciki, irin duban da ake yi wa yaron da ya yi fitsari a gaban baƙi. Ya sayar mini da shanunsa biyu mafi kyau, ya sayi dusa da angurya da kuɗin, ya riƙa ba Wule da tafin hannu. Na rubuta a rahotona cewa makiyayan yankin ba sa aiki da hankali. Da Faransanci mai kyau na rubuta, babu kuskure ko ɗaya.

Bayan sati biyu ya same ni a buro, ya tsuguna a bakin ƙofa har na gama abin da nake yi. Ya ji ni 'yar Tibiri ce, ya kuma ji a bakin gulbi akwai sauran ɗanyen ganye. Ya roƙe ni in kai masa Wule a mota, domin ba za ta iya tafiyar da ƙafa ba. Na tuna jajayen kujeru da farin gwado, na ce masa mota ba turke ba ce. Ya ce gaskiya ne, ya yi godiya, ya tafi.

Ran Juma'a na zo gida na ba kakanki labarin, ina dariya, ina jiran ya yaba mini da na tsare masa kujeru. Bai yi dariya ba. Ya bayyana mini abin da Dakar ba ta koya mini ba. In Bafulatani ya ga ɗan uwansa ya rasa dabba, sai ya ɗaure masa karsana. Ya riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, uwar kuma ya maida ta ga mai ita. Wannan ita ce haɓɓanaye. Ba a dukanta da sanda, ita ake fara shayarwa a rijiya, kuma mutum ya gwammace garkensa duka ya ƙare da a ce ta mutu a hannunsa da sakaci. Da ya gama ya shiga ɗaki ya fito da sifana mai lamba goma sha uku ya ajiye mini a cinya.

"Kin koyo hanjin saniya tun daga baki har wutsiya, ba ki san kusoshi huɗu ne ke riƙe da kujerar baya ba."

Kashegari na koma ba kujerar baya. Muka shimfiɗa yashi da buhuna, mutum huɗu suka ɗaga Wule suka kwantar da ita, Baffa Ja'e ya zauna a gefenta yana riƙe da kanta a kan ƙafarsa. A shingen shiga Maradi wani jandarma ya leƙo, ya ga farin goshi a taga, ya ce wannan fasinja fa ina katinta. Baffa Ja'e bai san wasa ba ne. Ya gyara zama ya fara: Wule ɗiyar Saye, Saye ɗiyar Fure, Fure wadda aka zo da ita daga wajen Dakoro a shekarar kaza. Ya kai kaka ta shida jandarman ya ɗaga sanda ya ce mu wuce kafin a kai ga wadda ta shiga jirgin Annabi Nuhu. Wule ta yi wata huɗu a garkarmu tana cin harawa da ganyen gawo, ta tashi da ƙafafunta.

To Auta, kafin ki shafa wa dabba shuni, ki tambayi ta wace ce, kuma ta yaya ta shigo garken. Amsar takan fi gwajin jini faɗa miki abin da zai yiwu. In kuma kin ga mutum ya yi abin da ya saɓa wa lissafinki, ki jinkirta rubuta cewa ba shi da hankali. Rahoto yana daɗewa a kabad, ni nawa na je na nema in yaga ban same shi ba.

Shekara huɗu bayan nan, ina da aure, sai ga Baffa Ja'e a Tibiri da ƙafa, yana jan karsana ja mai farin goshi, 'yar farin Wule. Ya nemi turke a bayan gida, ya ɗaure ta da hannunsa da sabuwar igiya, ya ce mini, "Ki riƙe mini." Ki lura da kyau, a lokacin na riga na zama gwanar haɓɓanaye. Na rubuta shafi arba'in a kanta, an karanta a Yamai, wani farfesa ya aiko mini da yabo. Amma da aka zo aka ɗaure ta a bayan ɗakina ban gane ta ba. A zatona abu ne na Fulani tsakaninsu, wa zai ɗaure wa Bahaushiya mai takalmin ƙwaras-ƙwaras? Na ɗauka kyautar godiya ce. Na shiga na ɗauko turmin atamfa da goro na ba shi tukuici. Ya daɗe yana kallon atamfar nan kafin ya karɓa. Muka sa wa karsanar suna 'Yar Wule, na ci gaba da harkokina.

Cikin shekarun nan Tsohuwa ta gaji. Ba ta mutu a banza ba. Maƙeran Tibiri suka ƙera fartanya da gatari da sifirinta, gangar jikin kaji suka gada, ƙafafun baya kuma da ƙarfen da ya haɗa su aka yi amalanken da har yau yake kai mu garka. Ni da marigayi Abbanki muka haɗa ƙarfi muka sayi ɗiyarta, sabuwa fil, ina da cikinki wata biyu. Yara suka sa mata Mai Ido saboda manyan fitilunta masu kusurwa. Masu ƙera ta sun ji koken bayan mutane. Ta fi uwarta laushi, ta fi ta faɗi, giya ta sauko ƙasa tsakanin kujeru, ga rediyo, ga layin kujeru uku. Amma sun bar mata tsayin ƙafar uwarta, sun bar injin da Illo ke iya kwancewa a ƙarƙashin itacen bedi ya maida kafin la'asar, kuma sifanar kakanki ta shiga kusoshinta kamar don su aka yi ta. Ranar da na gwada na ga ta shiga, na san jini ɗaya ne.

Fari na biyu ya same ni ina shugabar buron. Wannan karon kuskurena ya fi nauyi, kuma ba zan yi masa ado ba. Damina ta tsaya tun gero bai yi kai ba. Baffa Ja'e ya zo ya ce zai kora shanu kudu tun da sauran ƙarfinsu, ko da iyaka a rufe take a shekarar, ya san hanyoyin da ba su da shinge. Ni kuwa ina da takarda mai hatimi uku a kan teburina, an ce manyan motoci na tafe da angurya. Na ce ya zauna, abinci na zuwa, na nuna masa hatimin. Ya zauna saboda ni ce na faɗa. Motocin sun zo bayan wata uku, lokacin da shanun ba su iya tafiya, mafi yawansu ma ba su iya tauna. Garken da ya yi shekara goma yana tadawa ya ƙare tas. Wule dai ta riga ta koma wa mai ita tun da daɗewa, amma 'ya'yanta da jikokinta duk a gabansa suka kwanta.

Kada ki taɓa sa mutum ya jingina rayuwarsa a kan alkawarin da ba a hannunki yake ba. Ki ce masa ga abin da aka rubuto mini, ban gan shi da idona ba. Shi ya san ƙasar, ke kin san takarda, ki bar shi ya auna.

Baffa Ja'e da iyalinsa suka dawo gefen Agiye cikin masu jiran rabon hatsi. Bai zo burona ba, ni ma ban iya zuwa wurinsa ba, kunya ta riƙe mu duka biyu, tasa ta gado, tawa ta laifi. Wata Laraba na tsaya da Mai Ido kusa da layin mata, gilashi a ƙasa saboda zafi, sai matarsa Inna Dije ta fito daga layi ta zo bakin taga. Ta rame har munduwarta na kaiwa gwiwar hannu. Ta gaishe ni doguwar gaisuwa, ta tambayi maigida, ta tambaye ki, ta tambayi tsofaffi. Can ta ce:

"Ita kuma 'Yar Wule, ta haihu nawa yanzu?"

Na ce huɗu.

"Huɗu," in ji ta. "Allah ya sa albarka."

Ta koma layinta. Na tada mota na kama hanyar gida, sai da na wuce rabin hanyar Maradi maganar ta iso ni. Na taka birki a tsakiyar hanya har wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ya zage ni da iyayena. Sabuwar igiya. "Ki riƙe mini." Atamfar da ya tsaya yana kallo. Saniyar mutumin nan tana bayan ɗakina tana ƙiba, wa'adinta ya wuce da fiye da shekara, shi yana kwance a kan tabarmar aro ba shi da ko akuya, kuma da zai mutu a nan ba zai buɗe baki ya tambaya ba.

Na juya. Ba a iya kai saniya inda babu ko tsinke, don haka su Baffa Ja'e na ɗauko. Mai Ido ta ɗauki mutum goma sha ɗaya ranar, da ƙore, da sandunan gado a kan rufi, cikinta bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Suka yi bukka a garkarmu suna shan nonon saniyarsu har ruwa ya sauka ciyawa ta tsiro. Sannan babban ɗansa Buba ya kora 'Yar Wule da ƙafa zuwa Gangara, ni kuma na cire layi biyu na kujeru na sa 'yan maruƙa mata biyu daga cikin 'ya'yanta. Kina tare da mu, kina da shekara huɗu, a cinyar Inna Dije. Ɗaya ta lashe miki kitso kika yi kuka tun daga Agiye har Gazawa. Wurin nan da aka tauna a jikin ƙofar baya, wanda kika ce Illo ya rufe da leda don abin kunya ne, aikin ɗayar ne.

Da muka sauke su a ruga Baffa Ja'e ya ce uwar ya karɓa, amma maruƙan nawa ne, haka dokar take. Na ce na sani. Na fito da sabuwar igiya da na saya a kasuwar Gazawa, na nemi turke, na ɗaure su da hannuna, ɗaurin da ya sa matan rugar rufe baki da mayafi. Na ce masa, "Ka riƙe mini." Tun da na san shi ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

"Yanzu kin gama lakol, Madam."

Kada ki ɗauki darasin cewa mantuwata ce ta ceci zuriyar Wule, ko da yake haka ya kasance. Allah ne ya rufa mini asiri da jahilcina, ba ya kuwa yi wa mutum haka sau biyu. Shi kuwa Baffa Ja'e, da wa'adin nawa ya cika, kowace ta haihu uku, ya maido mini da su ba a ƙara kwana ba, ina jin don in ga yadda ake yi. Abin da nake so ki riƙe shi ne, mutanen da za ki yi wa aiki ba sa roƙo kuma ba sa tuni. In sun yi miki doguwar gaisuwa suka ƙare da wata 'yar tambaya, maganar tana cikin tambayar. Ki kashe mota ki saurara.

Ta uku Abbanki ne ya kawo ta, shekarar da aka ƙara masa girma. Gimbiya muka sa mata. Ba zan ci amanarta ba, mota ce. Kujeru kamar na falon gwamna, gilashi mai duhu da ke hawa da sauka da ɗan yatsa, sanyi na fitowa ta ko'ina, ki rufe ƙofa ki daina jin duniya. Bayana ya gode mata. Sai dai cikinta ya sauko kusa da ƙasa, yashin Gangara ya kama ta sau uku a wata ɗaya, kuma na zagaye ta da sifanar kakanki ban samu kusa ɗaya da ta shiga ba. Ranar farko da na je ruga da ita babu wanda ya fito, yara suka ɓuya a bayan bukkoki, an zaci masu haraji ne ko 'yan siyasa.

Wata rana ina dawowa daga Gazawa a cikinta, gilashi a rufe, kaset na yi, na ga wani mai sanda a kafaɗa a bakin hanya. Ya dubi motar, ya ɗan ɗaga hannu kamar mai shakka, ya sauke. Na wuce. Mutane nawa ke ɗaga hannu a hanyar nan? Buba ne. An aiko shi ya gaya mini Baffa Ja'e na kwance yana nemana. Ya tsaya tun safe yana jiran Mai Ido, ya ga baƙin gilashi bai tabbata ba, ni kuma ban dube shi ba. Kafin saƙon ya zagayo ya same ni an yi kwana uku da rufe shi. Ban san abin da yake so ya gaya mini ba, ba kuma zan sani ba.

Tun ranar na koma Mai Ido. Bayan rasuwar Abbanki na sayar da Gimbiya ga wani mai taksi a Gazawa, na gan ta bara ɗauke da mutum tara da awaki a baya, gilashin ya lalace a buɗe, ta koyi zama da jama'a.

Ban ce masu ƙera su sun yi laifi ba. Kowace fitowa ta fi uwarta gudu, ta fi ta tsaron rai in an yi karo, ta fi ta shan mai kaɗan. Na lura dai kowace tana ƙara kula da wanda ke ciki, tana ƙara nisanta shi da wanda ke waje, domin a ƙasarsu wanda ke waje yana da tasa motar. Sabuwar da kike so na leƙa ta. Kyakkyawa ce, Illo ya ce in ta yi ciwo sai an kawo na'ura ta tambaye ta inda ke mata zafi. Ki saye ta wata rana, in shiga in ji sanyi. Amma bana ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta bi ta kan abin da ya rage, kin ga farashin tiyar gero, kin ga Fulani sun fara gangarowa tun kaka ba ta ƙare ba. Na ga irin wannan shekara sau biyu, na san kamanninta. Za ki buƙaci mota mai tsayin ƙafa wadda kujerunta ke fita. Za ki kuma isa wurin mutanen da ba su san ki ba, yarinya ba aure da allura a hannu, ki ce su ba ki shanunsu. Takardarki ba za ta buɗe miki ruga ba sai bayan shekara biyu, shanun kuwa ba za su iya jiran shekara biyu ba. Mai Ido tun daga nesa za su ji ta. Buba yanzu shi ne babba a wurin, garkensa rabi jajaye ne masu farin goshi, kuma ya san waɗanda suka tauna ƙofar nan.

Ina alfahari da ke, bari in rubuta tunda ba na iya faɗa. Kin fi ni karatu, hannunki ya fi nawa sanyi a kan dabba, kuma kin zaɓi Gangara alhali an ba ki buro mai fanka a Maradi. Ina alfahari da motar nan ma, da duk wanda ya taɓa shiga cikinta, mai ƙafa biyu da mai huɗu.

Ba kyauta nake ba ki ba, kada ki kawo mini atamfa. Na ɗaura sabuwar igiya a sitiyari. Ki riƙe mini. Mota ba ta haihuwa, don haka mu ce damina uku, sannan ki maido mini da ita. Abin da ta haifa miki a tsakani naki ne. Kada ki dake ta, ki fara shayar da ita kafin ki sha, lagireton na son ruwa kowace safiya. In kin shiga yashi ki rage iskar taya ki tafi da giya ta biyu, kada ki tsaya yin tunani a tsakiya. Sifanar kakanki na cikin aljihun gaba. Gilashin ɓangaren direba ya daɗe ba ya hawa duka, na hana Illo gyarawa.

In kuma kin karanta kin ga har yanzu taksi ya fi miki, ki kwance igiyar ki ajiye a kan kujera, ki ba Illo makulli, ba za ki ji maganar a bakina ba har abada. Haɓɓanaye ba a tilasta wa mutum.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin ƙaho, da sharrin takarda mai hatimi. Ya ba ki kunnen da ban samu da wuri ba. Ya sa mutanen Gangara su yi miki addu'a a bayan idonki, ya saukar mana da damina mai albarka, ya maido mini da ke lafiya. Ki gaishe da Inna Dije in tana gane mutane, ki ce mata Madam ta ce huɗu.

Ƙarshen nan a cikin motar nake rubuta shi, a kan sitiyari, shi ya sa layin ya karkace. Zan tafi garka wurin gwaggonki sai jibi, ba na son in tsaya a kanki kina yanke shawara, ba na kuma son ki ga fuskata ko wace kika yanke. Daga garka ana jin babbar hanya, na kuwa san muryarta a cikin mota ɗari. Ga amalanke ya iso, ƙafafun Tsohuwa na kuka don ba a sa musu mai ba. Zan bar takardar a kan kujera in fita. Ƙofar sai an ɗan ɗaga ta an tura da ƙugu take kamawa. In kin ji ƙararta daga ɗaki, ni ce na rufe na tafi.

Innarki.